Joyin Ɗaya Ya Isa: Abin da Ya Haɗa Cajar Wayarka da Injinan Haɗakar Nukiliya

Ranar 19 ga Satumba, 2008, kwana tara kacal bayan an yi bikin kunna shi, injin binciken kimiyya mafi girma a duniya ya tsaya cak. Sunansa LHC, yana cikin wani rami mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, a kan iyakar Faransa da Suwizalan, kusa da birnin Jeniba. Ba hari aka kai masa ba, ba kuma girgizar ƙasa aka yi ba. Joyin ɗaya ne, wato wurin da aka haɗa bakin waya da bakin waya tsakanin manyan maganaɗisu guda biyu, bai liƙu yadda ya kamata ba.

Idan aka yi lissafin zafin da wannan joyin yake fitarwa kafin abin ya ɓaci, bai kai wat 17 ba. Juya kan cajarka ka karanta abin da aka rubuta a jiki. Idan mai saurin caji ce, za ka ga 18W ko 25W ko 33W. Abin da bai kai ƙarfin cajar waya ba shi ya sa aka ciro maganaɗisu 53 daga cikin ramin domin gyara ko sauyi, aka yi asarar kimanin tan 6 na hiliyam, injin kuma bai sake motsi ba sai a Nuwamban 2009.

LHC ba wutar lantarki yake samarwa ba, na binciken ƙananan ƙwayoyin halitta ne. Amma irin wayar da ke cikin maganaɗisunsa, da irin sanyin da ake ajiye su a ciki, su ne ake amfani da su a injinan da ake ginawa yanzu domin samar da makamashi ta hanyar haɗakar nukiliya. Shi ya sa duk injiniyan da ke wannan fanni ya haddace labarin 2008. Kafin mu je can, bari mu fara da abin da ke gabanmu, domin dokar da ta kayar da LHC ita ce take narka soket a shagon caji na bakin tasha a Funtua.

Dokar da ke narka soket

Tambayi duk wani mai gyaran wuta a Funtua ko Malumfashi inda waya ta fi ƙonewa. Da wuya ya ce maka a tsakiyarta. A joyin ne, ko a bakin soket, ko a kan batir, ko can saman falwaya inda aka murɗa wayar da ta shigo gida.

Dalili shi ne turjiya. Kowace waya tana ɗan turje wa lantarkin da ke bi ta cikinta, ana kuma auna wannan turjiya da ma'aunin da ake kira om. A inda aka haɗa waya biyu turjiyar takan fi yawa, saboda ƙarfe biyu da ka ga sun manne, a zahiri ba ko'ina suka taɓa juna ba. Da za a duba da madubin ƙara girma, fuskar kowannensu tudu da kwari ce, kuma a kan 'yan tudun nan kawai suke haɗuwa. Duk lantarkin sai ya matsu ya wuce ta waɗannan 'yan wurare, kamar yadda motocin masara ke cunkushewa a ƙofar kasuwa ranar da take ci.

Wani Bature ɗan Ingila, James Prescott Joule, shi ya gano lissafin a farkon shekarun 1840. Zafin da joyin zai fitar shi ne yawan lantarkin da ke gudu, wanda ake aunawa da amfiya, a ninka shi da kansa, sannan a ninka da turjiyar. Wannan "ninka da kansa" shi ne mugun wurin. Idan ka ninka lantarki sau biyu, zafi sau huɗu zai ƙaru. Idan ka ninka sau goma, zafi sau ɗari.

Ɗauki wayarka. A lokacin hunturu ƙura kan cika ramin caji, ga kuma audugar aljihu. A ce dattin ya sa turjiyar wurin ta kai om 0.2, caja kuma tana tura amfiya 3. Uku sau uku tara, sau 0.2, kusan wat 2 ke nan na zafi a wurin da bai kai faɗin farce ba. Shi ne kake jin kan kebur ya yi zafi, cajin kuma yana tafiyar hawainiya. Wannan lissafi ne ya sa yawancin cajoji masu sauri suke ɗaga bolt daga 5 zuwa 9 ko fiye, maimakon su yi ta ƙara amfiya. Shi ya sa kuma kebur ɗin USB-C na yau da kullum amfiya 3 aka ƙayyade masa, wanda zai ɗauki 5 sai an sa masa ɗan guntun na'ura a cikin kai da zai shaida wa caja cewa zai iya.

A harkar sola abin ya fi tsanani, kuma sola ce yanzu ke riƙe da gidaje da shaguna da yawa a wannan yanki. Inbata mai jan wat 1,000 daga batir mai bolt 12 tana jan sama da amfiya 80. Idan kan batirin ya yi sako-sako ko ya yi tsatsar nan mai kama da gishiri, har turjiyarsa ta kai om 0.01 kawai, to tamanin sau tamanin sau 0.01 zai ba ka wat 64. Ƙaramin rishon lantarki ke nan a kan batir, a cikin ɗakin da galibi ba shi da taga. Da tsarin mai bolt 24 ne, amfiya 40 zai ja, zafin wannan joyin ɗin kuma wat 16 ne, kashi ɗaya cikin huɗu. Ga wani ƙarin haɗari: wutar da ke fitowa daga faifan sola ko batir hanya ɗaya take bi ba ta juyawa, ba kamar ta layin gwamnati ba da ke sauka zuwa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa. Saboda haka idan tartsatsi ya tashi a joyin sola, ba ya saurin mutuwa da kansa.

Manoman rani na fadamun Funtua, Ɗanja, Bakori da Ƙafur da suka koma amfani da sumo sun san nasu nau'in. Kebur ɗin da ke zuwa da sumo gajere ne, dole a yi masa ƙari, joyin kuma can cikin ruwa zai zauna a ƙasan bohol. Idan aka murɗa shi aka naɗe da baƙin salatef kawai, zai yi aiki yau, zai yi gobe, ruwa na shiga a hankali, tsatsa na kamawa. Ranar da zai yanke ba zai duba ko tumatir ko masarar rani na tsakiyar fure ba. Masu naɗin koyil na injin niƙa da janareta su ma a nan ake gane gwani da ɗan koyo: gwani zai kankare fentin da ke jikin wayar tas, ya murɗa, ya liƙe da dalma, sannan ya rufe.

Abin da ya sa mugun joyin ba ya tsayawa inda yake shi ne yana ciyar da kansa. Zafi na kawo tsatsa, tsatsa na ƙara turjiya, turjiya na ƙara zafi. Ya fi muni idan aka murɗa alminiyam da jan ƙarfe, kamar yadda ake yawan yi inda wayar falwaya ta haɗu da ta cikin gida. Ƙarafan biyu ba sa buɗewa da tsukewa daidai idan sun ji zafi da sanyi, don haka murɗin yana sassautawa, kuma da danshin damina ya shiga tsakaninsu sai alminiyam ɗin ya fara cinyewa. Akwai mahaɗi na musamman da aka yi domin wannan aiki, rabinsa alminiyam rabinsa jan ƙarfe, kuma kuɗinsa bai kai na silin ɗin ɗaki ɗaya ba.

Rana a cikin kwalba

Yanzu mu koma ga manyan injina. Hanya biyu ce ake samun makamashin nukiliya. Ta farko a fasa ƙwayar zarra mai nauyi kamar ta yuraniyam. Ita ce ake amfani da ita a tashoshin nukiliya na duniya, kuma irinta ce ƙaramar na'urar bincike ta NIRR-1 mai ƙarfin kimanin kilowat 30 da ke Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004. Ta biyu ita ce a haɗe ƙwayoyi marasa nauyi, wato nau'o'in haidirojin, su dunƙule su zama hiliyam. Wannan ita ce haɗakar nukiliya, kuma ita ce ke kunna rana. Har yau babu tashar da ke sayar da wutar da aka samo ta wannan hanya.

Wahalar ita ce zafi. Tsakiyar rana digiri miliyan 15 ne, amma a doron ƙasa, da yake ba mu da matsin da ke cikin rana, sai an kai kimanin digiri miliyan 150. A wannan zafi iskar takan koma wani yanayi da ake kira filasma, kuma babu tukunyar da za ta riƙe ta. Dabarar ita ce a rataye ta a tsakiyar wani ɗaki mai siffar tayar mota, a hana ta taɓa bango da ƙarfin maganaɗisu. Irin wannan inji shi ake kira tokamak, kuma masana kimiyyar tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne suka ƙirƙiro shi a shekarun 1950.

Mafi girmansu shi ne ITER, da ake ginawa a Kadarash a kudancin Faransa tun 2010. Tarayyar Turai, Amurka, Rasha, Sin, Indiya, Japan da Koriya ta Kudu ne suka haɗa hannu a kansa. Burinsa a zuba megawat 50 wajen zafafa filasma a samu megawat 500 na zafi. Maganaɗisunsa ba irin mayen ƙarfen da yara ke cirowa daga tsohuwar sifika ba ne. Koyil ne, waya ce da aka naɗa ana tura mata lantarki, daidai da na cikin injin niƙa sai dai girma. Akwai guda 18 masu siffar harafin D da ke zagaye ɗakin, kowanne tsayinsa mita 17, nauyinsa ya haura tan 300. Ƙarfin da suke kaiwa tesla 11.8 ne, alhali injin hoton MRI da aka fi samu a manyan asibitoci tesla 1.5 ne. Lantarkin da ke bin wayar kowannensu kuwa amfiya 68,000.

Tsaya a kan wannan adadi, ka tuna da dokar Joule. 68,000 sau 68,000 ya haura biliyan 4.6. Da za a sa wa wannan waya joyin irin namu na murɗi da salatef, mai turjiyar om 0.1, zafin da zai fito megawat 462 ne. Tashar ruwa ta Shiroro a Jihar Neja gaba ɗayanta megawat 600 aka gina ta ta bayar. Wato sama da kashi uku cikin huɗu na ƙarfin Shiroro zai taru a wurin da bai wuce tafin hannu ba. Ba ma za a kai ga ƙonewa ba, ƙarfen tururi zai zama nan take.

Waya marar turjiya

Abin da ya sa injin ya yiwu shi ne wani abu da Heike Kamerlingh Onnes ya gano a birnin Laidin na ƙasar Holan a 1911. Ya sanyaya ƙarfen makuri da ruwan hiliyam zuwa kimanin digiri 269 ƙasa da sifili, sai ya ga turjiyarsa ta ɓace gaba ɗaya. Ba raguwa ta yi ba, ɓacewa ta yi. Irin waɗannan ƙarafa su ake kira sufakondakta. A ITER ana amfani da gamin niyobiyam da kuza a koyil masu ƙarfi sosai, da gamin niyobiyam da taitaniyam a sauran. Kebur ɗin manyan koyil ɗin nan 18 ya ƙunshi silin waya kusan 1,400, kowane bai kai kaurin milimita ɗaya ba, 900 daga ciki sufakondakta, sauran jan ƙarfe, an tufke su kamar igiya an zura cikin bututun baƙin ƙarfe, hiliyam mai sanyi na ratsawa ta tsakaninsu.

To idan wayar ba ta da turjiya, ina matsalar? Matsalar ita ce babu masana'antar da ke iya yin kebur marar iyaka. Mafi tsawon guntu na waɗannan koyil mita 760 ne. Ana naɗa kowane guntu ya zama kamar faifai mai hawa biyu, a jera guda bakwai, su ne koyil ɗaya. Dole a haɗa faifai da faifai, a haɗa koyil da koyil, a haɗa su duka da layukan da ke kawo wuta daga waje. A kowace mahaɗa lantarki sai ya fita daga sufakondakta, ya ratsa dalma da jan ƙarfe, ya sake shiga sufakondakta. A wannan 'yar tazara dokar Joule na nan daram.

Wanda ya san injin MRI zai ce ai a can an iya yin joyin da kusan ba shi da turjiya ko kaɗan, har ana cika maganaɗisun da lantarki a cire wayar wuta, ya yi ta zagaye shekara da shekaru. Haka ne. Amma can siririyar waya ɗaya ce ɗauke da amfiya 'yan ɗaruruwa. A nan silin waya ɗaruruwa ne, ga dubun dubatar amfiya, ga gamin niyobiyam da kuza wanda sai an gasa shi a kimanin digiri 650 kafin ya zama sufakondakta, bayan gashin kuma ya koma mai saurin karyewa kamar tangaran. Ba abu ne da za a lanƙwasa ko a murɗa ba.

Saboda haka aka haƙura da sifili, aka koma neman mafi ƙanƙanta. Ma'aunin da ake magana da shi shi ne nano-om, wato om ɗaya a raba shi gida biliyan a ɗauki ɗaya. Ƙa'idar joyin manyan koyil na ITER 'yan nano-om ne da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. A amfiya 68,000, nano-om ɗaya na fitar da wat 4.6. Ka ce ai wannan ba komai ba ne, ƙwan fitila ne. A ɗaki, i. Amma a digiri 269 ƙasa da sifili, kowane wat ɗaya na zafi da za a kwashe yana cin wajen wat 250 ko fiye na lantarki a injin sanyaya. Sannan a irin wannan sanyi ƙarfe ba ya iya shanye zafi, abu kaɗan ke ɗaga shi, kuma tazarar da ke tsakanin yanayin aiki da inda waya za ta daina zama sufakondakta digiri ɗaya ne zuwa biyu, wani wurin ma bai kai ba.

Idan aka ƙetare wannan tazara, abin da injiniyoyi ke kira kwenc ne ke faruwa. Ɗan wurin ya koma waya mai turjiya, ya yi zafi, ya zafafa maƙwabcinsa, shi ma ya koma. Ciwon nan ne mai ciyar da kansa da muka gani a saman falwaya, sai dai abin da ke ɗaukar damina biyu a can, a nan daƙiƙa ɗaya ta isa. An tanadi maganinsa: jan ƙarfen da ke cikin kebur zai karɓi lantarkin na ɗan lokaci, na'urori su gano, a juye makamashin zuwa waje. A LHC abin da ya ɓata lamarin shi ne joyin da ya yi zafi, mai turjiyar kimanin nano-om 220 a maimakon ƙasa da 1, shi ne kuma wanda jan ƙarfensa bai haɗu da kyau ba. Lantarki amfiya 8,700 ya rasa hanya, joyin ya narke, tartsatsi ya huda bututun hiliyam. Ruwan hiliyam idan ya koma iska yana buɗewa kusan sau 700, kuma wannan matsi ne ya tumɓuke maganaɗisu masu nauyin tan 30 da wani abu daga mazauninsu. Bayan gyara ma ba a yarda da sauran joyin ba. Kusan rabin ƙarfinsa aka riƙa tafiyar da injin, sai da aka rufe shi daga 2013 zuwa 2015 aka buɗe mahaɗa sama da 10,000 ɗaya bayan ɗaya aka ƙara musu guntayen jan ƙarfe na ko-ta-kwana.

Yadda ake ƙera joyin na nano-om

Salon da ya fi yawa a ITER shi ne na akwati biyu. Ana farawa da faranti mai fuska biyu, sama baƙin ƙarfe marar tsatsa, ƙasa jan ƙarfe. Waɗannan biyun ba sa karɓar walda ta yau da kullum, saboda haka da nakiya ake manna su: a ɗora ɗaya kan ɗaya, a tayar da abin fashewa a sama, ƙarfin bugun ya sa su zama jiki ɗaya. Matsalar mai gyaran wuta ce ta haɗa ƙarfe biyu da ba sa jituwa, an dai warware ta da tsada. Daga wannan faranti ake sassaƙa akwati, a feɗe bakin kebur, a goge rufin da ke jikin silin wayoyin, a kwantar da su a kan jan ƙarfen, a danne da matsi mai yawa, a rufe da walda yadda hiliyam zai ci gaba da ratsawa. Ɗaya kebur ɗin ma a yi masa nasa akwatin. Sai a haɗa fuskokin jan ƙarfen biyu, ko da dalma, ko a shimfiɗa indiyam a tsakani a matse. Indiyam ƙarfe ne mai laushi da farce ke iya yi wa zane, yana shiga ya cike tudu da kwarin nan da muka ambata. Kana taɓa danginsa kullum ba ka sani ba, domin gaminsa ne siririn rufin da ke sa gilashin waya ya ji yatsa.

Wani zai ce to a cika jan ƙarfe mai kauri, mafi tsabta, a huta. Ba ya yiwuwa. A tokamak ƙarfin maganaɗisu yana hawa yana sauka, kuma duk dunƙulen jan ƙarfen da ke cikin irin wannan yanayi lantarki kan taso a cikinsa da kansa yana kewaye, yana zafafa shi. Gwargwadon tsabtar jan ƙarfen, gwargwadon yawan wannan lantarki. Abin da ya rage zafi ta nan yana ƙara shi ta can, dole a tsaya a tsakiya. Kuma ba jimillar turjiya kaɗai ake dubawa ba. Idan wasu silin wayar sun fi wasu mannewa da jan ƙarfe, su za su kwashi kaya fiye da kima, su fara gajiya tun kebur bai kai iyakarsa ba.

Aunawa ma aiki ne. Mitar hannu da masu gyaran waya ke amfani da ita ba ta ganin abin da ya gaza om 0.1, kuma nano-om ya fi wannan ƙanƙanta sau miliyan 100. Abin da ake yi shi ne a tura babban lantarki a auna bolt ɗin da ya faɗi a kan joyin. A amfiya 68,000, nano-om ɗaya na ba da kashi 68 cikin miliyan na bolt ɗaya. Ko kuma a auna ɗumin da hiliyam ya ƙara bayan ya ratsa wurin. Babbar matsalar ita ce duk wannan sai cikin sanyi. A zafin ɗaki wayar ba sufakondakta ba ce, saboda haka ba za ka san ainihin turjiyar joyin da ka yi ba sai an rufe inji an sanyaya, abin da ke ɗaukar makonni. Shi ya sa ake yin samfuri a kai cibiyar gwaji ta SULTAN da ke Suwizalan a gwada, sannan a horar da ma'aikata su maimaita aikin daidai ba ƙari ba ragi. A ganina wannan ne ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba. Hotunan da ke yawo a intanet na ƙugiya ɗauke da tan ɗaruruwa ne, amma joyin hannun mutum ne ke goge shi, ya shimfiɗa indiyam, ya ɗaure ƙusoshi.

Kuma turjiya ba ita kaɗai ce ke kayar da joyin ba. A Maris 2021, ana gwajin tokamak ɗin JT-60SA a garin Naka na Japan, wanda Japan da Turai suka gina tare, wuta ta yi tsalle a mahaɗar ɗaya daga cikin koyil ɗinsa saboda rufin da ke kanta bai iya riƙe bolt ɗin ba. Nasu salatef ɗin ne ya gaza. Aka ɗumama injin, aka bi mahaɗu ana sake rufe su, bai samar da filasmarsa ta farko ba sai a Oktoban 2023. ITER daga baya ta tsara gwada wasu daga cikin manyan koyil ɗinta a cikin cikakken sanyi kafin a ɗaura su.

Masu son joyin da ake kwancewa

Akwai kuma waɗanda suka juya tambayar. Maimakon gudun joyin, me zai hana a ƙara yawansu da gangan? Koyil 18 da suka zagaye ɗakin filasma kamar keji suke, duk abin da ya lalace a ciki sai an fitar da shi gunduwa-gunduwa ta 'yan tagogi, da mutum-mutumi, domin wurin zai cika da tururin nukiliya. Da koyil ɗin na buɗewa biyu, sai a ɗage saman a zaro ɗakin gaba ɗaya a sa sabo, kamar yadda ake cire batir a tsofaffin wayoyin Nokia.

Abin da ya ba su ƙwarin gwiwa wani sabon sufakondakta ne mai suna REBCO, wanda ake yi kamar zaren kaset. Yana aiki a digiri 253 ƙasa da sifili. Bambancin digiri 16 ba ya cika ido, amma a lissafin takarda kwashe zafi a can ya fi arha kusan sau biyar, kuma kayan sun fi jure ɗan ɗumi. Ke nan joyin mai 'yar turjiya ba abin tsoro ba ne sosai. A Satumban 2021 jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin Commonwealth Fusion Systems sun gwada babban koyil na REBCO da ya kai tesla 20, kamfanin kuma yana harhaɗa tokamak ɗinsa mai suna SPARC a Jihar Masacusets. Tsarin tashar ARC da masu binciken MIT suka wallafa a 2015 da koyil masu kwancewa aka zana shi. Sai dai gwada joyin a ɗakin bincike daban, a kwance ɗaruruwansu a mayar da hannun mutum-mutumi, kowanne ya koma nano-om ɗinsa, shi ma daban. Wannan na biyun ba a yi shi a tasha mai aiki ba tukuna, domin tashar ma babu ita.

Duk mai ganin bidiyon da ke cewa wutar kyauta marar iyaka ta kusa, ya riƙe kwanakin nan. A Janairun 2025 tokamak ɗin EAST na birnin Hefei a ƙasar Sin ya riƙe filasma na daƙiƙa 1,066, a watan da ya biyo baya WEST na Faransa ya kai 1,337, wato minti 22 da 'yan kai. ITER, bisa jadawalin da ta sanar a Yulin 2024, za ta fara aikin bincike a 2034, ta fara ƙona cikakken man nata na ditiriyam da tiritiyam a 2039, kuma ko a lokacin ba a tsara ta ba da wuta ga layin kowa ba. Yaron da aka haifa a Malumfashi a shekarar da aka fara ginin zai cika shekara 29 kafin a kai wannan mataki.